Badaru Mai Nozul, Ka Faɗa Ba a Ji Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da yammacin Talata, sha huɗu ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran Malam Badaru, makaniken manyan motoci da direbobin Haɗeja suka fi sani da Badaru Mai Nozul. Mota ce ta banke shi a gefen hanyar Malam Madori, yana tsaka da duba injin wata babbar mota da ta mutu ɗauke da shinkafa. Washegari da safe muka kai shi makwancinsa.

Malam Badaru, ni ne Usaini direba. Tun ranar nake son in rubuta maka kalaman yabo masu sanyi irin na ta'aziyya, amma duk sanda na zauna sai in ji raina yana tafasa. Na san wa'adi ne ya cika, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, ka faɗa da bakinka, a gabana, aka ƙi ji.

Ban manta zuwana garejinka na farko ba. Ina jigilar busasshen kifi da tattasai a wata tsohuwar mota ƙirar kanta, na zo a ɗaure mini salansa kawai. Ina ta cika baki wai injina ba ya shan baƙin mai, in na zaro gejin auna mai ma sai in ga man ya ƙaru. Ka ajiye sufana ka dube ni.

"Usaini, mai ba ya haihuwa," ka ce. "Buɗe mini in gani."

Ka zaro gejin, ka murza man tsakanin yatsunka, ka kai hanci, sannan ka miƙo mini. Warin gas ne tsagwaronsa, man kuma ya tsinke kamar ruwan shayi. Ka ɗiga shi a kan farin kwali, muka ga baƙin ya tsaya a tsakiya, wani danshi mai haske yana yaɗuwa a kewayensa. Ka ce wannan gas ne. Daga nan ka kwance nozul ɗin, masu fesa gas cikin injin, ka ɗora su a kan abin gwaji ɗaya bayan ɗaya. Masu lafiya suna fesa gas kamar hazo, ɗaya kuwa ɗiga yake yi kamar lalataccen famfo. Ka yi mini bayani cewa gas ɗin da ya ɗiga ba ya ƙonewa, gangarawa yake yi ta jikin fistin ya gauraya da baƙin mai, man ya rasa kaurinsa, ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe har injin ya buga. Motar nan na ƙara shekaru ina ci da iyalina a cikinta.

Haka ka yi wa kowa. Shekarar da ruwa ya ci ƙauyukan fadama, kai ka bar garejinka ka tare a bakin ruwa, inda motoci ke kwasar mutanen da kwalekwale ya tsallako da su. Ruwa ya shiga tankunan motoci da dama. Ka wuni cikin laka kana tsiyaye tanki, kana wanke filta, don kada wata mota ta tsaya da mata da yara a hanya. Wata tsohuwa ta ba ka gasasshiyar masara, ka ce rabonka da abinci tun jiya.

Duk da haka, me aka saka maka da shi? Suna aka sa maka, wai mai tsawwalawa. In mutum ya zo a juye masa mai ka ji warin gas, ba ka yarda ka juye ka sallame shi, sai ka ce a duba nozul. Da yawa sukan ja motarsu su tafi inda za a zuba musu sabon mai ba tambaya. Bayan wata biyu a jawo maka ita da igiya, kuma kai ne za a ce ka yi mata baki.

Motar da ka je dubawa ajali ya same ka ma haka aka yi. Ba zan kama sunan mai ita ba. Mako guda kafin rasuwarka ina zaune a bencinka ya kawo ta, tana fitar da farin hayaƙi, tana rawa in an bar ta a tsaye. Ka duba geji, ka girgiza kai.

"Alhaji, gas ya cika man nan. Ka bar mini ita kwana biyu."

"Kwana biyu da kakar nan? Shinkafa na jibge a Kafin Hausa. Juye mata mai kawai, bayan kaka a yi."

"Wallahi ba za ta kai bayan kaka ba."

Ya yi dariya, ya ce kullum maganarka ke nan, ya tafi da motarsa wani wuri. Ranar Talata injin ya buga a kan kwana, inda hanya ba ta da faɗi. Wa ya kira? Kai ɗin dai. Waɗanda ke garejin sun ce maka kada ka je, ya ɗanɗana kuɗarsa. Ka ce ba don shi za ka ba, direban bawan Allah ne, kuma hadari ya haɗo, shinkafar manoma ce a kai ba tamfol. Ka hau babur ka tafi. Ba ka daɗe da isa ba wata mota ta shawo kwanar da gudu.

Wannan ne na kasa haɗiyewa, Malam. Aikin kwana biyu aka ƙi bari a yi. Injin ya tafi, ruwa ya jiƙa shinkafar, kai kuma ka bar marayu. A wurin zaman makoki ina jin direbobi suna cewa ba a taɓa yin makanike kamarka ba, cikinsu har da masu kiranka mai tsawwalawa. Na sunkuyar da kai kawai, saboda wurin ba na faɗa ba ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarka Baba 'Yar'azumi, da maiɗakinka Zinariya, da 'ya'yanka Haris da Adila da Amira, da ƙaninka Abdulganiyyu, da ɗaukacin makanikai da direbobin Haɗeja. Allah ya ba ku haƙuri da dangana, ya raya abin da ya bari, ya shirya su.

Allah ya jiƙanka, Malam Badaru, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Mai motar shinkafar ya zo gaisuwa yana kuka, mahaifiyarka ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Ni ma ina roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya in iya yin yadda ta yi, don har yau ban kai ba. Idan tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.