Na Zarge Ki, Malama Wa-ya-faɗa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga watan nan, da hantsi, autata ta tsaya a ƙofar shagon ɗinkina da jakarta a hannu, ta ce, "Baba, Malama ta rasu." Ke take nufi, malamar kimiyyarsu ta aji biyar, wadda yara suka laƙaba wa Wa-ya-faɗa.

Ban yarda da ke ba, kuma kin sani. Da yarinyar ta gaya mini su suke zaɓar abin da za su bincika a intanet, sai raina ya ce ruwa ba ya tsami banza: ko lalaci ne, ko akwai lauje cikin naɗi. Da wa 'yata take magana a cikin kwamfutar nan? Na je makaranta ba sallama, na laɓe a tagar ɗakin kwamfuta. Kina zaune a baya, yara shida sun taru a kan wani bidiyo mai cewa maganaɗisu na tsarkake ruwa.

"Malama, gaskiya ne?"

Kika ce, "Wa ya faɗa? Me yake sayarwa? Ga kwalba, ku gwada."

Duk da haka na kai ƙararki wurin shugaban makaranta. Aka rufe ɗakin mako biyu, aka yi miki tambayoyi kamar ɓarauniya. Da muka haɗu a bakin ƙofa, ke kika fara gaishe ni, har kina tambayar jikina.

Bayan wata uku na so in bar maganin ciwon sugana saboda wani garin magani da na ga ana talla a waya. Auta ta karɓi wayar, ta duba, ta ce, "Baba, mai bayanin shi ne mai sayarwar. Mu tambayi likita." Likita ya ce da na bari, da labari ya sha bamban.

Na yi ta cewa gobe zan zo neman afuwa. Yanzu ga ɗakin da kwaɗo, ana cewa gyara za a yi, ni kuwa na ga an kwashe kwamfuta biyu zuwa ofis. Zan ci gaba da tambaya har a buɗe.

Ki yafe mini, Malama. Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya ba maigidanki da 'ya'yanki da mahaifiyarki haƙurin wannan rashi. Amin.