Ranar da aka gwada tunanin Kalla

Kalla makiyayi ne a wani ƙauye kusa da Azarori. Tun yana saurayi yake kai shanu arewa da damina, ya dawo bayan kaka. Da Fulatanci yake yi wa dabba magana, da Hausa yake ciniki a kasuwar Madawa. Bai taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko. Da ƙafa ta yi nauyi sai ya bar wa 'ya'yansa maza garken, ya riƙe gonar gero.

Ɗiyarsa Rahama ce ta fara lura da canji. Zai tafi kasuwa sayen kanwa, ya dawo hannu wofi, bai san abin da ya kai shi ba. Mijinta ya ce tsufa ne kawai. Wata maƙwabciya ta ce iska ce, a nemi rubutu.

Ana cikin haka aka yi shela cewa za a gwada tunanin tsofaffi a asibitin garin. Rahama ta lallashe shi suka tafi.

Majo, wato shugabar ma'aikatan lafiyar wurin, wata mata ce mai suna Husna. Ta tambayi shekarunsa, ya ce an haife shi shekarar da fara ta cinye gero. Ta dubi Rahama, ita ma ba ta san wace fara yake nufi ba. Ta tambaye shi wane wata ake ciki, ya ce watan azumin tsofaffi, alhali wannan watan ya riga ya wuce. Ta faɗa masa abubuwa uku ya riƙe: tulu, raƙumi, masallaci. Sannan ta miƙa masa alƙalami ya zana agogo. Ya jujjuya shi, ya ajiye a hankali. Da ta nemi abubuwan nan uku, raƙumi kaɗai ya dawo masa, shi ma da Fulatanci.

Husna ta ce musu ba hauka ba ne. Mai yiwuwa tunani ne ya fara rauni, mai yiwuwa kunne ne, ko kuma tambayoyin ne ba su dace da wanda bai yi boko ba. Ta auna jininsa, ta ce su dawo bayan girbi a sake gwadawa.

Suka kamo hanya. Sai da suka kusa gida ya tsaya.

"Ɗiyata, na ci ko na hwaɗi?"

"Ban sani ba, Baba. Ita ma majo ba ta sani ba tukun."

Tun daga ranar Rahama ta hana shi zuwa kasuwa shi kaɗai, ko da yake ba ta tabbata ta kyauta masa ba. Gona kam yana zuwa, kuma bai taɓa ɓata hanya ba. Idan dattawa suka tambaye shi a ƙofar masallaci me likita ta gano, wani lokaci ya ce lafiyarsa lau, wani lokaci ya ce su tambayi Rahama.