Ƙarin lokacin da ba a buga ba

Shekarun baya, lokacin da kasuwar wake ta fara karɓata har na daina ɗaukar buhu da kaina, wasu malamai suka zo rumfata a Tasawa suna neman wanda zai saya masu kup, wato kofin gasar ƙwallon ƴan kolej. Ni abin da na sani a ƙwallo shi ne ihu in ta shiga raga. Amma wanda ya jagoranto su abokina ne, tare muka tashi a wani ƙauye ta wajen Korgom. Shi ya bi lakkwal, karatun boko ke nan, har ya zama mushe, wato malamin makaranta, ni na bi buhu. Ban iya ce mashi a'a ba.

Shi ke horar da yaran kolejin ƙauyenmu. Ya sha kai su final, kuma duk zuwa sai an ci su. Nakan tsokane shi in ce da ciniki yake yi haka da tuni ya koma tallar ruwa. A shekarar nan kuwa ciwon hanta ya kama shi. Ya rame, idonsa ya yi rawaya, wandonsa sai da igiya. Kowa na gani, ba mai faɗa.

Sai ga shi ya sake kai su final, za su kara da wata kolej ta ƙasar Mayahi a filin ƙauyenmu. Ƙarshen bazara ne, don haka aka sa wasan bayan la'asar saboda zafi. Motar baƙin ta kafe cikin rairayi a hanya, ba su iso da wuri ba. Aka fara a makare, aka tashi ɗaya da ɗaya, rana ta riga ta sunkuya bayan gawo.

Nan gardama ta tashi, don ba a taɓa zama an tsai da abin da za a yi in an yi kunnen doki ba. Direktan kolejin baƙi ya ce doka ita ce ƙarin lokaci. Arbit, alƙalin wasan, ya ce shi ba mage ba ne, ba ya gani cikin duhu. Ko dai a buga penalti yanzu da sauran hasken da ya rage, ko a dawo mako mai zuwa a buga ƙarin lokacin. Da suka gaji da musu sai duk suka juyo wajena. Wai mai kup ya yanke.

Abokina ya jawo hannuna gefe. Yana numfashi kamar shi ya yi gudun.

"Alhaji, ka ce a buga penalti."

"Mushe, ka dubi mai tsaron gidanka," na ce. "Kamar tsinken tsire. Nasu kuwa ya cika raga. Yaranka sun fi su gudu, in sun huta mako guda za su cinye su."

"Na sani. A buga dai. Ko mu ci ko a ci mu, in gani da idona."

"Kai wallahi ba ka iya ciniki ba. Wa ke sayar da kaya da magariba, alhali gobe farashi zai hau?"

Ya dube ni, ya yi ɗan murmushi, ya saki hannuna. "To, ɗan kasuwa. Yadda ka gani."

Na koma na ce a dawo mako mai zuwa. Har cikin raina ina jin na yi mashi gata. Na auna yaran ɓangarorin biyu kamar yadda nake auna wake, kuma har yau ina ganin awon nan daidai yake.

Kafin ranar ta zagayo aka yi ruwan shuka. Wanda ya san ƙasarmu ya san abin da ke biyo baya. Gari ya watse, kowa ya ɗauki sungumi da iri. Yaran da suka zo karatu daga ƙauyuka iyayensu suka aiko amalanke aka kwashe su. Aka ce bayan shuka. Bayan shuka jarrabawa ta zo, bayan jarrabawa aka yi hutu, filin ma wani ya shuka gyaɗa a gefensa. Aka ce sai an koma lakkwal.

Cikin damina jikinsa ya yi tsanani. Aka kai shi Maradi, aka dawo da shi gida. Na je duba shi, na tarar da shi kwance a zaure, ga gero ya yi tsawo har ya rufe danga. Na zauna kusa da shi. Can na ce zan kawo mashi kup ɗin, ai ni na saya, ba mai hana ni.

"Kar ka soma," ya ce. "Ba mu ci ba. Yaran Mayahi ma da gumi suka zo."

"Da na bi maganarka, Mushe."

"Da ka bi maganata da an ci mu, kai ma ka sani." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Ka ga, Alhaji, wannan ne karo na farko da na je final ba a ci ni ba."

Na yi dariya don ya ga na yi. Da na fito na hau moto, babur ɗina, sai na kasa tayar da ita, na daɗe zaune a kai.

Bai ga kakar shekarar ba. Da aka koma lakkwal, manyan yaransa sun gama sun tafi, wasu Maradi, wasu ci-rani, direktan baƙi an sauya mashi wuri. Ba wanda ya sake tayar da maganar, ni ma ban tayar ba.

Har yanzu sana'ata ke nan, in saye kaya in ɓoye sai farashi ya hau, kuma da ita na gina gida na aurar da ƴaƴa. Ba na zaginta. Amma a ranar nan mutum ya gaya mani abin da yake so da bakinsa, ni kuma na tsaya ina lissafa mashi abin da ya fi riba. Shi ya san yawan lokacin da ya rage mashi. Ni ne ban tambaya ba.