Kwamfutar da Ta Fara In'ina a Hannuna

Shekarun baya, wajajen ƙarshen shekarun tamanin, ina aiki a wata masaƙa a Sharaɗa tare da wani abokina ɗan Filato. Inji ɗaya muke kula da shi, kwano ɗaya muke ci. Yana da wata 'yar kwamfuta da yayansa ya kawo masa daga waje, irin wadda ake jona wa talabijin a yi wasa. A ciki akwai wani ɗan mutum da ke gudu yana tsallake ramuka, mu kuma ƙarti da gemu muna ihu a kansa kamar an saka mana albashi a ƙarshen hanyar.

Da Kirsimeti ta zo zai tafi gida, sai ya kawo mini ita ajiya gidanmu a Ɗorayi, don ƙofar ɗakinsa ko akuya ta tura sai ta buɗe. Ya ce, "Mutumina, kai kaɗai zan iya bar wa wannan." Na ji daɗin maganar har raina.

Mahaifiyata kuwa ba ta iya ganin abu mai daraja a tsirara. Rediyonmu na da riga, talabijin na da riga, har fanka. Kafin ya dawo ta ɗinka wa kwamfutar ita ma riga, ta karammiski, da soso a ciki, ta bar wurin maɓallai da na waya, ta ɗaure ta da igiya ta ƙasa. Da ya zo ɗauka ya durƙusa yana ta godiya. "Mama, kun gama mini komai." Ta ce, "Kayan mutane ai sai da sutura, ɗan nan."

Bayan 'yan kwanaki na lura ya daina jirana a bakin get. Da na matsa masa sai ya ce in zo in gani da idona. Muka kunna, wasa ya fara lafiya lau. Can sai ɗan mutumin ya soma in'ina. Ya yi taku ya cije, ya fizga, ya tsaya a sama kamar an rataye shi, sai kawai ka gan shi cikin rami. Abokina bai kalli talabijin ɗin ba, ni yake kallo.

"Lafiya na bar ta," in ji shi.

Na ce wutar unguwarsu ce, ai duk sanda manyan injinan masana'antu suka tashi sai ƙwan lantarki ya yi ja. Muka aro sitabilaiza mai daidaita wuta, ba ta sauya zani ba. Muka canza talabijin. Muka goge bakin waya da fetur, muka hure ko'ina har kaina ya yi ciwo. Ni da ban san komai ba sai zaren masaƙa, na zama likitan kwamfuta, ina kara kunne a jikinta ina gyaɗa kai. Duk abin da muka gwada sai ta yi mana ladabi da farko, mu fara murna, sannan ta koma gidan jiya.

Daga nan ya fara tambayoyi. Wa ke shiga ɗakina? Mai gyaran rediyon nan na layinmu, ba abokina ba ne? An ce irin waɗannan mutanen suna buɗe abu su cire mai kyau su sa tsoho, ko na taɓa ji? Ni ma na koma gida ina kallon kowa da wutsiyar ido. Ƙanina ya yi sabon takalmi, na bi takalmin da kallo har ya fita. Mai gyaran rediyo ya gaishe ni da fara'a, na ce a raina wannan fara'ar ta yi yawa.

Ranar da abin ya kai maƙura, a ɗakinsa ne bayan mun tashi aiki. Ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya kawai." Tunda muke bai taɓa ce mini Malam ba. Zuciyata ta yi zafi, na ce, "In ɓarawo kake son kira na, ka faɗa da bakinka."

Ya kwance igiyar, ya tuɓe rigar ya jefar kan gado, ya kifa kwamfutar don ya nuna mini inda aka taɓa notinan. Sai ya yi saurin janye hannu, don ƙasanta ya yi zafi kamar dutsen guga. Notinan kuwa suna nan da fentinsu, ko ƙarzane babu. Gefensu ga wasu 'yan ƙofofin shan iska a jere, waɗanda soson mahaifiyata ya toshe ruf.

Ya bar kwamfutar ta huce, ya kunna ta haka tsirara. Muka zauna muna jiran in'ina har aka kira magariba, ɗan mutumin nan yana ta gudu sumul.

Da na miƙe zan tafi masallaci ya riƙo hannuna. "Mutumina, ka yafe mini." Na ce ya wuce, kuma da gaske nake. Muka haɗa baki ba za mu gaya wa mahaifiyata ba, har Allah ya yi mata rasuwa tana alfahari da wannan ɗinkin.

Yanzu idan na ga yara na ƙorafi wasa na sarƙe musu a waya ko kwamfuta, abin da nake fara cewa shi ne su taɓa su ji ko ta yi zafi. Suna dariya, amma sau da yawa hakan ne. Abin da ba na faɗa musu shi ne sauran labarin. Mun ci gaba da abota da mutumin nan har masaƙar ta rufe ya koma garinsu, ya halarci aurena, na halarci nasa. Sai dai wani lokaci ina tambayar kaina, da a ce ranar nan mun tarar da ƙarzane ɗaya a kan noti ɗaya, ko da tun daga kamfani ya zo da shi, wace rantsuwa ce za ta wanke ni? Na san amsar, shi ya sa har yau take min ciwo. Abokina bai yarda da ni ba sai da fenti ya ba da shaida.