Motar Yaya Mai Wutsiya

Ko tsufa ya kwashe duk abin da ke kaina, ba na jin zai iya kwashe ranar da na kusa gasuwa a but ɗin motar yayana. Har yau in na ji ƙaurin roba sai na tuna ta.

Yayan nawa direba ne, yana jigilar fasinja daga Ƙanƙara zuwa kasuwannin kewaye a wata tsohuwar ƙaramar mota irin mai ƙofa a baya. Tun muna yara hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, rediyon gidanmu ma ta sha wuya a wurinsa. Shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi, ya duƙufa kallon bidiyo a waya, sai ga shi da sabon karatu: wai rabin man da mota ke sha, kokawa take yi da iska. In aka yi mata jiki sumul, iskar za ta zame ta wuce.

Mun ɗauka surutu ne, ashe da gaske yake. Ya sauke kariyar ɗora kaya da ke saman motar, ya cire madubai na gefe, wai kunnuwa ne masu tare iska. Ya samo ragowar kwanon rufi ya shafe ƙarƙashin motar tun daga gaba har baya. Sannan ya sa mai walda ya ƙera masa wata doguwar wutsiya mai tsini, wadda ake ɗaure ta da noti a kan ƙofar but bayan an gama lodi. 'Yan tasha suka raɗa wa motar suna Tarwaɗa. Duk inda ya gifta sai an ɗaga masa hannu ana ihu, shi kuma ya danna oda yana washe baki. Abin haushin, man ya ɗan ragu da gaske, daga nan kuwa ba mai iya tanka masa.

Da kaka ƙanwarmu ta haihu a Sabuwa, muka shirya zuwa suna. Muka yi sammako, don hanyar ba ta bin yamma ba ce, kowa ya san halin da ake ciki da mutanen daji. Inna ta zauna gaba, mata suka cika kujerar baya, ni kuwa namiji sai aka ce in shiga but. Tunda babu kariya, buhunan masara da ƙullin kayan barka duk a ciki aka cusa su, aka jera tsakanina da matan har suka kusa taɓo rufi. Na naɗe ƙafafu, Yaya ya rufe ƙofa, ina jin ƙarar sifana yana ɗaure wutsiya. Duhu ya rufe ni. Na ce masa wannan ai kabari ne, ya yi dariya ya ce in yi barcina, sai Sabuwa.

Mun wuce Faskari lafiya. To a ƙauyukan wajen Daudawa, lokacin kaka manoma kan baza waken suya a kan kwalta don motoci su taka musu, su huta da bugu. Ko wane direba ya saba, bi ta kai kawai ake yi. Amma kwanon da ke ƙarƙashin motarmu ya ɗan saki daga gaba saboda ramuka, ya zama kamar matankaɗi. Duk shanyar da muka taka sai ya kwashi busasshiyar harawa ya tura ciki, ta taru a jikin salansa. Wannan duk daga baya muka gane.

Ni dai abin da na fara ji shi ne ɗumi a ƙarƙashina. Na gyara zama. Ɗumin ya koma zafi, sai ƙauri, sai hayaƙi ya fara shigowa ta gefen taya. Na buga buhu, na yi kira, amma matan suna ta hira da shewa, ga ƙarar inji, ga kwano yana kaɗawa. Ta waje kuma mutane sun hango wuta a ƙarƙashin mota, suna ta ɗaga hannu suna ihu. Yaya ba shi da madubi ko ɗaya da zai ga bayansa, gilashin baya ma wutsiya ta rufe shi. Ya ɗauka masoya Tarwaɗa ne, yana ta danna musu oda.

Wani mai babur ne ya biyo mu ya sha gabansa. Da farko ma Yaya ƙara wuta ya yi, ya zaci masu tare hanya ne, sai da mutumin ya daki gilashi yana cewa, "Direba, tsaya! Wuta ce hwa a motarka!"

Na ji motar ta tsaya, na ji ƙofofi suna buɗewa, mata suna salati suna nisa da ni. Sannan na ji muryar Inna, a hankali, yadda ban taɓa jin ta ba: "Ina ƙanenka?"

Ƙofar ba ta buɗuwa sai an kwance wutsiya, sifanar kuma tana cikin but, a ƙarƙashin ƙafata. Yaya da kansa ya jefo ta ta saman kaya bayan ya gama ɗauri, don kada ta ɓata. Manoma suka yi ta jan buhunan ta ƙofar gefe, amma an danna su sun cije. A lokacin na daina bugu. Numfashi ya gagara, takalmina na roba ya fara laushi, na yi kalmar shahada, na tuna matata da na bari tana shanya a tsakar gida ko sallama mai kyau ban yi mata ba. Tsoro na ji irin wanda ba ya barin mutum ya yi kuka.

Sai na ji ƙarfe yana yagewa. Yaya ne ya kama gefen wutsiyar da hannu biyu, kwanon ya riga ya yi zafi har fenti yana tafasa, ya taka bamba yana ja. Mutane suna ce masa ya bari a kawo gatari, bai ko waiwaya ba. Walda ta ɓalle ta gefe ɗaya, wani ya zura ƙotar fartanya, ƙofa ta ɗago. Aka jawo ni ta wuyan riga aka yar a gona. Ban gama tari ba wuta ta kama kujerun. Muna tsaye motar ta cinye ƙurmus, da masarar da kayan jaririya.

Na tashi da niyyar in wanke shi tas, girma ko ba girma ba. Na same shi zaune a kan kunya, ya ɗaga hannuwansa sama, fatar tafukan ta saluɓe. Bai kalli motar ba, ni yake kallo. Abin da ya iya cewa kawai shi ne, "Ka yi ta kira na, ko? Ban jiya ba wallahi." Sai kawai na zauna kusa da shi a kan kunyar.

Ba mu je suna ba, asibiti muka wuce. Yatsunsa sun warke a ƙanƙame, bai ƙara riƙe sitiyari ba, yanzu awo yake yi a bakin kasuwa.

Ban ce dabara laifi ce ba, matsi ne ya kai shi, kuma kansa yana ja. Amma ya zauna ya lissafa ta inda iska za ta bi ta wuce, bai lissafa ta inda mutum zai bi ya fita ba, mu ma da muke dariya ba wanda ya tambaya. Abin da na koya ke nan: duk sabon abin da aka ƙirƙiro, kafin a tambayi me zai rage, a fara tambayar in ya ɓaci wa zai rutsa da shi. Mu amsar ta zo mana a makare, kuma hannuwan Yaya ne suka biya.