Jiragen Goro a Zauren Yaya

Mijina ya tafi yaƙin Turawa ina amarya, shi da wansa, a jirgin ruwa ɗaya. Wan ne kaɗai ya dawo. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu ya kawo ni Sabo, a Ibadan, inda ya zama mai saukar da fataken goro, ni kuma na zama mai dafa wa baƙinsa tuwo. Yaya nake ce masa. Mutumin kirki ne, bai taɓa barina da yunwa ba, amma ya shekara goma yana hana ni abu ɗaya, wato ya buɗe baki ya ce ƙaninsa ya mutu.

Kullum bayan la'asar, in an gama tsintar goro an ɗaure huhuna, fatake da 'yan dako sukan cika zaure, sai Yaya ya share tabarma ya jera goro. Farare su ne jiragenmu. Ja guda ɗaya, wanda yakan tura ƙarƙashin ganye, shi ne jirgin maƙiya mai tafiya cikin ruwa kamar kifi. Madafina na jikin bangon zauren, don haka na haddace yaƙin nan fiye da waɗanda suka yi shi.

Abin da ya faru kowa ya sani: an harbi jirginsu da nakiya a tsakiyar teku, ya nutse. Yaya dai ba ya tsayawa a nan. Yau sai ya ce da mai gadin sama ya hango kumfar nakiyar da wuri, da kyaftin ya karkata hagu, sai ya karkata farin goron, nakiya ta wuce, kowa ya sauka lafiya. Gobe kuma jirgin rakiya ne zai juyo ya yi wa jan goron ruwan bama-bamai, a ƙarshe a ba wani ɗan dako maƙiyin ya tauna. Akwai ranar da har birnin maƙiyan suka ci da jirage uku. Mutanen da ko Ikko ba su taɓa zuwa ba sai ka ji suna gardamar inda ya kamata kyaftin ya bi, har da rantsuwa.

A kowane labari ƙaninsa yana nan da ransa. Wani lokaci a kan katako yake, har masunta su tsince shi. Wani lokaci yana wani tsibiri, ya koyi yarensu, yana jiran jirgin da zai biyo. Da fari nakan tsaya da muciya a hannu ina saurare, ina cewa Allah ya sa. Da shekaru suka ja, sai na fara jin haushi. Su suna dariya su watse, ni in kwana ba matar aure ba, ba bazawara ba. Sa'o'ina suna aurar da 'ya'ya, ni ko goyo ban taɓa yi ba, ga furfura ta fara leƙowa a gefen kunne.

Ana haka wani tela mai shago a unguwar Mokola, wanda matarsa ta rasu, ya aiko yana nemana. Ba yaro ba ne, ba kuma mai kuɗi ba, amma na so shi. Liman ya ce hanya biyu ce: ko a raba auren saboda daɗewar miji, ko a samu wanda ya shaida mutuwarsa. Ta farkon ta fi sauƙi, sai dai ban iya ba. Ina cin tuwon gidan wansa, ya za a yi in je in ce na gaji da jiran ƙaninsa? Shaida kuwa ɗaya ne a duk ƙasar nan, kuma duk wanda ya tambaye shi sai ya ce shi dai bai ga gawa ba.

Wata safiya na kai masa koko, na durƙusa, na ƙi tashi. Ban taɓa yi masa maganar ba, kunya ba ta bari.

"Yaya, kullum kana ceton ƙaninka a zaure. Ni yaushe za a cece ni?"

Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ce, "Oya, tashi ki ɗauko mayafinki."

A gaban liman muryarsa ta zama ta wani mutum daban, ba tashi ba sauka. Ya ce ranar jiri ya dame shi, sai ya hau sama shan iska ya bar ƙaninsa a ƙasan jirgi yana ɗinke rigar sojansa. Nakiyar a daidai wurin ta shiga. Daga cikin ruwa ya ga jirgin ya kife, kuma cikin waɗanda ke ƙasan nan ko mutum ɗaya bai fito ba. Ba katako, ba masunta, ba tsibiri. Liman ya tambaye shi ko zai rantse, ya ce zai rantse.

Na riga na shirya wa takaba, har na tanadi tsohon zane. Sai liman ya ce mini ai takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, tawa ta wuce tun ban sani ba, in na so ko gobe a ɗaura mini aure. Na zaci zan yi murna. Sai na ji kamar an ƙwace mini wani abu. Mutumin nan ya mutu ba wanka, ba salla, ba sadaka, ga shi ko zaman makokinsa ban samu yi ba. Na ji tausayinsa, na ji tausayin kaina.

Muka kamo hanyar gida, Yaya a gaba ina biye. Hantsi ne, motocin goro na ta lodi, mutane na gaishe shi yana ɗaga hannu kawai. A ƙofar gida ya tsaya yana neman cire takalmi ya kasa. A nan ne na tuna cewa tun da ya dawo, duk faɗin Sabo ba wanda ya taɓa yi masa ta'aziyya, don shi da kansa ya toshe hanyar. Sai na durƙusa kamar yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Yaya, ya haƙuri? Allah ya ji ƙansa."

Ya buɗe baki zai ce amin, kalmar ta ƙi fitowa. Ya zauna a dakalin ƙofar, ƙaton mutum, ya rufe fuska da hularsa. Na zauna a ƙasa kusa da shi muka yi kukanmu.