Tsutsar Haƙorin Baba

"Baba, kana da hawan jini ko ciwon suga?" Da wannan tambayar likitar haƙori ta tarbi mahaifina yau, zuwanmu na farko wurinta a Kurmin Mashi.

Baba ya haɗe rai. "'Yata, ni tsutsa na zo ki cire mini. Mai maganinmu na Rigasa ba ya tambayar komai. Hayaƙi yake turara mini a baki, sai in ga tsutsotsi sun zubo cikin ruwa."

Ba ta yi dariya ba. Ta auna jininsa, ta bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki hoto ta nuna mana.

"Babu tsutsa, Baba, rami ne. Da ka zo da wuri, ciko kawai zan yi. Yanzu ruɓa ta kai saiwa, sai cirewa."

Wallahi har yanzu raina tafasa yake. Tun bara mutumin nan yake wasa da bakin tsoho, dattijon da ko naman layya ya kasa taunawa bana.

Da muka dawo Rigasa, lasifikar mai maganin tana ta kira, mutane sun yi layi riƙe da kumatu.

Ku faɗa mini, iyayen wa kuma yake turarawa?